"Ɗan na gada ya fi ɗan na koya": umarni ne ko yabo?

Basarken Argungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk sanda yaro ya gama sakandare ya ce yana son abin da ba na gidansu ba, da wannan karin magana dattawanmu ke rufe masa baki. Shin cewa take kowa ya tsaya kan sana'ar ubansa, ko gwanintar mai gado kawai take yabo?

Dattijon Kabi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka je gulbin Matan Fada na Argungu ranar bikin kamun kifi, wanda ake yi tun 1934. Ka dubi ɗan Sarkawa, masuntan gado, kwance bisa gora, homa a hannuwansa biyu, kallon ruwa kawai yake ya san inda giwan ruwa ta lafe. Wa ya zaunar da shi a aji? Haka masu ɗorin Aliero, hannu ne da ya taso yana taɓa ƙashi. Yaron da ya yar da wannan ya yar da jari.

Malamar Yauri:
Baba, ban musa gwanintar ba. Amma wa ake ba gadon? Ɗiya mace a gidan masunta ba ta gadon homa, bandar kifi da talla ne rabonta. Ranar da ta ce tana son karatun jinya, ba karin magana ake kawo mata ba, maganar aure ake kawowa. Bayan sace ɗaliban makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, na ga gidaje a unguwarmu da suka cire 'ya'ya mata daga makarantar kwana, maza kuwa aka sauya musu makaranta. Tsoron ɗaya ne, amma karatun mace ne ya tsaya. Abin yana ci mini rai har yau.

Manomin Suru:
Malama kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ɗan likita in ya karanta likitanci shi ma ɗan na gada ne. Ya gaji littafi, ya gaji mai cika masa fom ɗin JAMB, ya gaji wanda zai nuna masa kwas ɗin da ya dace. Ɗan ɗan ƙwadago fa? Gonar da ubansa ke yi wa aiki ba tasu ba ce. In ka ce masa ya riƙe gado, me zai riƙe?

Dattijon Kabi:
Ai ban ce a hana kowa boko ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗan manomin shinkafa ya je jami'ar Aliero ya karanto noma, ya dawo fadama, wa zai kama ƙafarsa? Ga kamfanonin casar shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi suna buƙatar masu sanin inji.

Basarken Argungu:
Wannan na yarda, Baba. To in yaron ya ce shi kwamfuta yake so, babu ruwansa da fadama ko gulbi?

Malamar Yauri:
A bar shi mana. Kakan da ya fara kamun kifi a gidanku ai koya ya yi, bai gada ba. Ni roƙona ɗaya, Baba: in an zauna shawarar abin da yaro zai karanta, a kira ƙanwarsa ita ma a tambaye ta.