Muzurunmu yana zubar da gashi: na buhu zan saya masa ko na gwangwani?

Maman Hanan, Shara Mansur, Makka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni kiwon mage a ƙasar nan.

Bayan Babbar Sallar bara Hanan ta tsinto wani ɗan muzuru a ƙarƙashin motar maƙwabcinmu, idonsa duk kwantsa, bai fi tafin hannu ba. Babanta ya ce a mayar da shi, ta yi ta kuka har ya haƙura. Yanzu ya doshi shekara, kuma wallahi ya shiga raina fiye da yadda na zata. In na tashi sallar asuba shi ne ke fara zuwa ya kwanta a gefen darduma.

Tun yana ƙarami abin da muka ci shi yake ci. In kabsa aka yi a yago masa kaza da 'yar shinkafa, in babu a buɗe masa tuna ta gwangwani irin tamu. To kwanakin nan gashinsa zuba yake yi, duk inda ya kwanta a kan kafet sai an bi da tsintsiya, kuma ruwa sai ya wuni bai kalli kwanon ba.

Jiya na tsaya gaban kantar abincin mage a Bin Dawood har ƙafata ta gaji. Ga Whiskas, ga Friskies, ga Me-O, kowane buhu da hoton kifi ko kaza mai ɗaukar ido, na rasa na ɗauka na dawo hannu biyu. A wata baƙala, wato ƙaramin shagon unguwa, kusa da mu kuma ana sayar da busasshen a ƙulle a leda, ba suna ba kwanan wata, amma da araha sosai. Wanne ya fi, busasshe ko na gwangwani? Kuma ta yaya ake gane mai kyau?

Hajiya Babba, Madina

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya saka miki, ya yi wa Hanan albarka. Wanda ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, ya san abin da kike yi ba ƙaramin abu ba ne.

Magen da muka taso muka gani a gidajenmu suna cin ragowa, gaskiya ne, amma suna fita su kama ɓera da ƙadangare su cike gurbin. Naki yana kulle a bene, abin da kika zuba masa shi kenan. Ki daina ba shi naman da aka dafa da albasa da tafarnuwa, suna lalata musu jini, kuma kin san kabsa ba ta yiwuwa sai da su. Ƙashin kaza dafaffe ma ki kiyaye, tsagewa yake yi kamar allura. Madara kuwa zawo take sa yawancinsu in sun girma. Zancen buhu da gwangwani na bar wa yara, sun fi ni sani.

Abu Yasir, Jidda

Hajiya ta faɗi gaskiya. Maman Hanan, maganar rashin shan ruwan nan ce ta sa na kasa wucewa, don ta nan aka cije ni.

Nawa muzurun shekararsa uku a kan busasshen abinci zalla, irin na ledar nan da kika ambata, don ina ganin sauƙi. Wata ranar Juma'a na ga yana ta zarya zuwa kwandon yashinsa, ya tsuguna ya daɗe, ya fito ba ko ɗigo, yana wani irin kuka da ban taɓa ji ba, yana lasar gabansa. Na ɗauka kashi ne ya ƙi fita. Da dare ya fara amai, ya lafe a bayan firji. Da muka kai shi asibitin dabbobi likita ya kama hannuna ya ɗora a cikinsa, na ji mafitsarar ta yi tauri kamar lemon tsami. Hanyar fitsarinsa ce ta toshe. Aka sa masa roba, ya kwana uku ana ƙara masa ruwa, kuɗin da na biya ya ninka duk abin da nake ganin na rage a shekarun nan.

Abin da na koya shi ne asalin mage dabbar sahara ce, daga jikin abin da ta farauta take samun ruwanta, shi ya sa ƙishirwa ba ta cika tura ta kwano ba. Busasshen abinci ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, na gwangwani kuwa yana kai 75 zuwa 80. Muzuru kuma hanyar fitsarinsa ta fi ta mace tsawo da ƙunci, shi ya sa abin ya fi kama maza. In kika ga alamun da na faɗa kada ki jira gari ya waye, kwana ɗaya ko biyu ya isa a rasa shi.

Yanzu safe da yamma jiƙaƙƙe nake ba shi, na 'yar ledar kamfani mai giram 85, ina ƙara ruwa cokali biyu na dama. Busasshen ɗan kaɗan da rana, a aune. Kwanon ruwa biyu na ajiye, nesa da wurin cin abincinsa, ina sauyawa kullum.

Na ledar baƙala ki rabu da shi. Ba ki san yaushe aka farke buhun ba, kuma da mai a jikin ƙwayoyin, zafin Makka yana sa shi ya yi ɗoyi. Ko wanda kika saya a rufe, ki ɗauki ƙaramin buhu da zai ƙare cikin wata guda, ki bar shi cikin buhunsa ki ɗaure baki, a ɗakin da ke da sanyi, ba baranda ba.

Ummu Rayyan, Riyad

Yaya, ki bar kallon hoton gaba, ki juya bayan buhun.

Abu na farko ki nemi inda aka rubuta cewa cikakken abinci ne, da Larabci za ki ga "kamil". In kika ga "takmili", wannan ƙari ne kawai, kamar ƙwalama, ba a rayuwa a kansa. Gwangwanaye da yawa masu kyan gani, waɗanda za ki buɗe ki ga tsokar kifi fara tas, irin wannan ne. Na Amurka kan rubuta sun cika ma'aunin AAFCO, na Turai kan bi na FEDIAF, wato ƙungiyoyin da ke tsara ma'aunin abincin mage a can. Ma'aunin AAFCO bai yarda furotin ya gaza kashi 26 cikin 100 ga babbar mage ba, 30 ga mai tasowa, in an cire ruwan da ke cikin abincin daga lissafi.

Sai jerin kayan haɗi. Ana jera su ne daga mafi nauyi, don haka ki so ki ga kaza ko kifi a farko, an kira sunansa. In masara da alkama suka sha gaba, kuɗin hatsi kika biya.

Kada lambar gwangwani ta ruɗe ki. Za ki ga furotin 10, buhu kuma 30, ki ce buhu ya fi. In ruwan gwangwanin 80 ne, abincin da ya rage 20 ne, 10 a cikin 20 kuwa rabi kenan.

Tunarmu ta mutane ga gishiri ga mai, kuma ba a haɗa ta da abin da jikin mage ke buƙata ba. Akwai sinadarin da ake kira torin, jikinsu ba ya yin isasshe, sai daga nama. Rashinsa na kawo makanta, kuma a 1987 masu bincike a Kalifoniya suka gano yana kawo ciwon zuciya, daga nan kamfanoni suka ƙara yawansa a abincin. Zubar gashin dai ki kai shi a duba, don ƙuma da makero ma suna sa haka.

Maman Hanan, Shara Mansur, Makka

Allah ya biya ku baki ɗaya. Abu Yasir, labarinka ya hana ni sukuni, sai da na tashi na duba yashinsa, alhamdu lillahi yana yi. Na koma da magariba na juya gwangwani bakwai, uku daga ciki "takmili" ne, har da wanda na so ɗauka jiya. Na sayo cikakke na kaza da ƙaramin buhu. Amma ya shinshina ya juya baya, ya koma bakin kicin yana jiran kabsa. Ranar Asabar Baban Hanan zai kai shi likita.

Abu Yasir, Jidda

Haka suke yi, kada ki karaya. Ki dafa masa tsokar kaza ba gishiri ba albasa, ki cuɗa cokali ɗaya na sabon a ciki, kullum ki ɗan ƙara, cikin mako guda zuwa kwana goma ya koma kai. Kada dai ki bar shi da yunwa wai don ya saduda, mage in ta yi kwanaki ba ci hantarta ke taɓuwa. Ragowar gwangwanin ki juye a roba mai murfi ki sa a firji, kada ya wuce kwana uku, in za ki ba shi ki zuba ɗan ruwan ɗumi don ƙanshin ya tashi. Abin da ya rage a kwano bayan awa ɗaya ki zubar.