Wace makaranta ce za ta karɓi 'yata ta zana jarrabawar AP ta Sinanci?

Maman Hanifa, Texas

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya taɓa bi ta wannan hanya ya haska mini, kaina ya ɗaure.

Muna zaune a wani ƙaramin gari arewa da Houston, kuma a gida nake koyar da yarana, ba sa zuwa makarantar gwamnati. Babbar shekararta 16. Ƙuruciyarta a Guangzhou ta yi, lokacin babansu na yi wa 'yan kasuwar Kantin Kwari lodin kaya, don haka da Sinanci ta fara karatu. Da muka dawo Amurka ban bari ya zube ba, na samo mata malama da ke koyar da ita ta intanet. Yanzu malamar ta ce yarinyar ta kai ta zana jarrabawar AP ta harshe da al'adun Sin a watan Mayu mai zuwa. AP jarrabawa ce ta darussan matakin jami'a da 'yan sakandare ke zanawa a nan Amurka.

Na shiga shafin College Board, hukumar da ke shirya jarrabawar, ina zaton zan biya kuɗi su ba ni wuri kamar yadda ake yi a jarrabawar shiga jami'a ta SAT, sai na tarar ba haka abin yake ba. Wai ni zan nemo makarantar da za ta yarda ta sa sunanta. Na kira sakandaren unguwarmu, matar da ta ɗauka ta ce za su karɓe ta a lissafi ko tarihi, amma Sinanci ba sa yi, ba su taɓa yi ba. Wata makarantar kuɗi ta ce ɗalibanta kawai take yi wa. Sauran ko amsa imel ɗina ba su yi ba. Ga shi mun shiga Oktoba. Shin dole ne sai a makaranta? Babu wata cibiya da mutum zai je ya biya ya zauna? In kuma dole ne, wa zan nema a makarantar, don na lura masu ɗaukar waya ba su ma san abin da nake tambaya ba.

Baban Sadik, Dallas

Wa alaikumus salam Hajiya. Ɗana ya zana wannan jarrabawa, shi ma daga gida, saboda haka na san ciwon kan.

E, sai ta hannun makaranta. College Board ba sa yi wa ɗalibi rajista kai tsaye, makarantar ce ke yin odar jarrabawa da sunan yaro. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne ba a buƙatar yaro ya yi ajin AP kafin ya zauna, kowa na iya zanawa in dai ya samu wuri.

Ki daina tambayar mai ɗaukar waya. Kowace makaranta mai yin AP tana da mutum ɗaya da ake kira kodinetan AP, galibi cikin masu ba ɗalibai shawara ne ko mataimakin shugaban makaranta. Shi ke da ikon cewa e ko a'a. Ki ce a haɗa ki da shi, ko ki duba sunansa a shafin makarantar.

Sannan kada ki bi makarantu ɗaya bayan ɗaya da ka. College Board suna da kundi a intanet mai suna AP Course Ledger, inda za ki zaɓi darasi da jiha ko gari, ya jero miki makarantun da aka amince su koyar da darasin. Ki sa Sinanci, ki sa Texas. Za ki ga sunayen sun taru a inda 'yan asalin Sin suka fi yawa. A wajenku ki fi sa ido ɓangaren Sugar Land da Katy da Bellaire, a wajenmu kuma Plano ne da kewaye. Wanda ya riga ya shirya ɗaki don ɗalibansa, ƙara kujera ɗaya ba zai gagare shi ba. Wanda bai taɓa yi ba kuwa, ko kuka za ki yi masa ba zai fara saboda yaro ɗaya ba.

Maganar doka, don na san wani zai kawo miki ita. Texas na da doka, sashe na 29.916 na dokar ilimi, da ta ce hukumar makarantun yankin da kike zaune dole ta bar ɗan karatun gida ya zana PSAT (share fagen SAT) da AP, a kan kuɗin da ɗalibansu ke biya. Amma jarrabawar da hukumar ke bayarwa ake nufi. Saboda haka ki bincika dukkan sakandaren da ke ƙarƙashin hukumarku, ba ta unguwarku kaɗai ba. In ɗaya daga ciki na yin Sinanci, kina da haƙƙi, ki rubuta wa ofishin hukumar ki ambaci sashen. In babu ko ɗaya, duk inda za ki je a wajen yankinku alfarma za ki nema, ki shiga da lallami.

Lokaci shi ne babban abin. Makarantu na rufe oda a tsakiyar Nuwamba, kuma da yawansu suna rufe nasu lissafin tun kafin nan. Bayan wa'adin akwai tarar dala 40 a kan kuɗin jarrabawa, wanda ya kai dala 99 a 2025. Wasu makarantun suna ƙara nasu kuɗin na masu tsaron jarrabawa. In sun yarda, kodinetan zai ba ki lambar shiga ta rukunin masu jarrabawa kawai, yarinyar ta sa a asusunta na My AP a shafin College Board. Sai kin ga sunan jarrabawar ya fito a asusun sannan ki san an gama, ba alkawarin baki ba.

Anti Rabi, Virginia

Maman Hanifa, sannu da ƙoƙari. Ni malamar sakandare ce, kuma na sha tsaron jarrabawar AP, bari in gaya miki abin da ke cikin ran kodinetan idan ya ga saƙonki, don ki san yadda za ki rubuta shi.

Ba ƙin ɗan karatun gida ake yi ba, aƙalla ba kullum ba. Sinanci da Japananci ne suka fi kowace jarrabawa wahalar shiryawa. Tun da aka fara ta Sinanci a 2007 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Kowane yaro sai an ba shi kwamfutar makaranta da aka sa wa manhajar jarrabawar, aka kuma saita ta yadda za ta rubuta haruffan Sin. Sai abin sawa a kunne mai haɗe da makirfo, sai a gwada komai tun kafin ranar, sai mai gyaran kwamfuta ya tsaya kusa ko wani abu zai tsaya. A ɓangaren magana yara duk suna yi a lokaci guda, dole a ware su nesa da juna don kada muryar wani ta shiga cikin ta wani. Ɗakin da ke ɗaukar yara talatin a jarrabawar tarihi ba zai ɗauki haka a Sinanci ba. Makonni biyun farko na Mayu kuwa kodineta ko abincin kirki ba ya samun ci.

Don haka ki gajarta saƙon. Ki faɗi sunan jarrabawar, ki ce ita kaɗai kike nema, yarinyar na da asusun College Board da katin shaida mai hoto, za ki biya duk kuɗin da suka yanka a ranar da suka ce, kuma za ki kawo ta gwajin na'ura in suna so. Kada ki ba da tarihin dalilin da ya sa kike koyarwa a gida, ba wanda zai karanta. In kwana biyu suka wuce shiru, ki sa mayafinki ki je. Zuwa da kai ya fi aike. Ki guji safiyar Litinin da lokacin tashi.

Wata ƙofar da mutane ba sa lura da ita: makarantun Sinanci na ƙarshen mako da iyaye 'yan asalin Sin ke gudanarwa. Yawancinsu ba su ne ke ba da jarrabawar ba, amma kowace shekara suna da yaran da makarantunsu ba sa koyar da Sinanci, kuma dole su nemo musu wuri. Shugabar irin wannan makaranta ta san wane kodineta ne mai sauƙin kai a garin. Ki je ranar Asabar ko Lahadi da yarinyar, ki bar ta ta yi gaisuwar da bakinta. Za ki ga yadda fuska ke sakewa.

Abu ɗaya kuma da ya fi damuna da neman wurin. Yarinyarki ta iya buga Sinanci a kwamfuta da sauri? A jarrabawar ba a rubutu da alƙalami ko kaɗan. Za ta buga lafazin da Pinyin, wato lafazin Sinanci da haruffan boko, ko da alamomin Bopomofo irin na Taiwan, kwamfutar ta jero mata haruffa masu sauti ɗaya ta zaɓi daidai. Na ga yaran da suka iya magana kamar ruwa amma suka riƙa zaɓar harafin da ba shi ba saboda gaggawa. Yadda muka saba yi, minti 15 ake bayarwa a rubuta labari daga hotuna huɗu, wani minti 15 a amsa imel. A magana, tambayoyi shida ne, kowace daƙiƙa 20, da lokaci ya cika na'ura ta yanke. Sai jawabi kan al'adun Sin, minti huɗu na shiri, biyu na magana. College Board na sauya tsarin jarrabawarsu lokaci zuwa lokaci, malamarta ta sauko da bayanin na bana ta bi shi.

Ɗan Zango, Bronx

Mama, ni dai a ganina kuna wahalar da kanku. Me ya sa ba za ta yi HSK ba kawai, wato jarrabawar auna ƙwarewa a Sinanci? Ita ce jarrabawar da ƙasar Sin da kanta ta sani, mutum shi ke yi wa kansa rajista, ba sai ya roƙi wata makaranta ba, kuma ana yin ta sau da yawa a shekara. In ta ci mataki na biyar ko na shida ai ya fi AP nauyi nesa. Kuma ku sani kusan rabin masu zana AP ta Sinanci maki 5, wato mafi girma, suke samu, saboda yawancinsu a gida suke jin yaren. To mene ne abin burgewa a ciki?

Anti Rabi, Virginia

Ɗana, HSK jarrabawa ce mai kyau, kuma gaskiyarka ce manyan matakanta sun fi AP zurfi. Amma kowace da inda take aiki. In a Beijing ko Shanghai yarinyar za ta yi jami'a, HSK za su tambaya. In a nan Amurka ne, AP ce jami'o'i da yawa ke da rubutaccen tsari a kanta, su yafe wa ɗalibi darussan harshe ko su ba shi makin kwas, wanda kuɗi ne tsaba ya rage wa iyaye. Ga ɗan karatun gida kuma akwai ƙarin dalili: sakamakon da uwa ta rubuta da hannunta yana buƙatar shaida daga waje, kuma ma'aikacin ɗaukar ɗalibai ya san ma'anar 4 ko 5 a AP ba sai an yi masa bayani ba. Da akwai jarrabawar SAT ta darussa da ke wannan aiki, har da ta Sinanci, amma an soke su a 2021. CLEP kuwa, wata jarrabawar College Board ta samun makin kwas, Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci kawai take da su.

Sannan wurin HSK ma ba kamar da ba ne. Cibiyoyin Confucius masu koyar da Sinanci da ke jami'o'in Amurka suna cikin masu shirya ta, sun kai kusan ɗari a da, yanzu kusan duk an rufe su. Sai mutum ya duba da kyau inda ta rage a kusa da shi.

Batun rabin masu samun 5, ba na jin zai rage wa Bahaushiya mai suna Hanifa komai a idon mai karanta takardunta.

Maman Hanifa, in duk ƙofofi suka rufe bana, akwai jarrabawar harshe ta STAMP ta kamfanin Avant da kuma gwajin magana na ACTFL, ƙungiyar malaman harsuna ta Amurka, ana iya shirya su ta intanet. Ki tambayi jami'ar da kuke so ko tana karɓa kafin ki biya. Tunda shekararta 16, wataƙila ma tana da wani Mayun a gaba.

Maman Hanifa, Texas

Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya zuri'a. Baban Sadik, na duba kundin jiya da daddare. A hukumarmu babu sakandare ko ɗaya mai Sinanci, don haka dokar ba za ta yi mini aiki ba, alfarmar zan nema. Na fitar da sunayen makarantun da ke yammacin Houston da kudu maso yamma, na tura musu gajeren saƙo irin wanda Anti Rabi ta ce. Ɗaya ta amsa da safen nan: sai sun gama lissafin ɗalibansu a ƙarshen wata, in kwamfuta ta rage za su kira mu, kuma akwai ƙarin kuɗi ga na waje. Na ce su sa mu a layi. Tafiyar ta fi awa ɗaya in babu cunkoso, in jarrabawar ta faɗo da safe sai dai mu kwana a can wajen wata 'yar uwa.

Anti, kin taɓo inda yake. Na sa ta buga mini sakin layi ɗaya a kwamfutar babanta, ashe duk rubutun da take yi a waya ne da yatsa, a madannai sai lalube. Na gaya wa malamarta daga wannan mako aikin gida duka a kwamfuta za a riƙa yi, da agogo a gefe. Ranar Asabar kuma za mu je makarantar ƙarshen makon. Ɗan Zango, babanta ya goyi bayanka, ya ce a yi HSK ɗin ma, shi har yanzu ransa na Guangzhou.

Tambaya ɗaya ta rage: katin shaidar, fasfo ɗinta na Najeriya zai yi, ko sai na jihar Texas?

Baban Sadik, Dallas

Katin gwamnati mai hoto suke nema, kuma ɗana da fasfo ya shiga. Ki dai duba bai ƙare aiki ba, sunan da ke ciki kuma ya zo daidai da na asusunta harafi da harafi. In makarantar ta kira ki, ki sake tambayar kodinetan a rubuce, ki ajiye amsar a waya.