Takardar gwaji da bakin saurayi: musayar baitoci

Ɗan Sharar Mansur:
Ɗalibi ya zo da takarda yana ta taƙama,
"Jinina fes," yana rantsuwa da Mai Sama,
Duba kwanan wata, ƙanwata, gudun nadama,
Gwajin jiya ba ya ganin ɓarnar makon jiya ma.

'Yar Ummul Kura:
Yaya, ka faɗi rabi, sauran ka bar mana,
Ƙanjamau kan ɓuya a jini, ba a gano shi a rana,
Jinin jijiya a ba shi 45 na kwana,
Na tsira yatsa sai 90, kafin nan kar a gana.

Hajiyar Karantina:
Ku maza ke neman jini a daren farko,
Alhali kun gama yawo tun kafin baiko,
Tantanin nan ba hatimi ba ne mai danƙo,
Likita bai iya shaida, balle kai ɗan tsako.

(Budurwa da yawa ba sa jini ko ɗigo, halitta ce.)

Bajidda: Hajiya ta gama da su! A ba su ruwa.

Malam Mai Aruli: Ɗan Sharar Mansur, ɗangonka na huɗu ɗingishi yake. Wannan "ma" cusa ta ka yi don amsa-amo. 'Yar Ummul Kura kuma, lamba ba ta hawa kari.

Ɗan Sharar Mansur:
Malam na ƙirga gaɓa, mu muna ƙirga awa,
72 ce iyakar fara maganin kariya bayan haɗuwa,
Kwana 28 ake sha, ba tsallake, ba mantuwa,
Tsaya auna kari, ka ƙare da kururuwa.

Malam Mai Aruli: Ɗango na biyu ya fi jirgin ƙasan Haramaini na Makka zuwa Madina tsawo.

Bajidda: Allah gafarta Malam, kawo naka mu gani.

'Yar Ummul Kura: Na makara, ina laccar yamma.
Mai ɓoye AS, gwajin aure na nan na jira,
Tun 2004 ɗan Saudiyya ba ya tsallake shi ya ɗaura,
2008 aka sa ƙanjamau, hanta B da C a saura,
Wata 6 takardar ke yi, in ta wuce a sake tun daga allura.

AS da AS kuwa, kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne na sikila, ba ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba.

Malam Mai Aruli: "A saura" ba Hausa ba ce, 'yata.

Hajiyar Karantina: Naka baitin muke jira tun la'asar, Malam.