Ƙwallon kek ɗina yana tsagewa, ku taimaka min da dabara

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar kek. Ina yin kek na biki da suna a Tudun Wada, Zariya. Duk kek ɗin da na daidaita samansa na yanke gefe, sai gutsattsari su taru, wani lokacin su cika roba guda. Da tsadar fulawa da ƙwai a kasuwar Sabon Gari, zubarwa ba ta taso ba, yara kuma sun ci har sun ƙoshi.

Sai na fara murmushe su, in haɗa da ɗan bota da sukari, in mulmula kamar cincin, in soka tsinke, in sa a firiza, sannan in tsoma a narkakken cakulan. Matsalar ita ce da cakulan ya daskare sai ya tsage, mai ya riƙa tsattsafowa ta wurin tsagar. Wasu ma tun a cikin kwano suke zamewa daga tsinken. Na rage bota, sai suka ƙi haɗuwa. Wata anti a Samaru ta ce sanyin firiza ne ke karo da zafin cakulan, amma in na bar su a waje, zafin nan na Afrilu kan sa su yi laushi kafin in gama.

Minti nawa ya kamata su huta bayan na fito da su? Kuma in wuta ta ƙi zama, kamar yadda ta saba mana, shin jera burbushin a kofi da kastad ko yogot zai kai yamma bai lalace ba? Ɗalibai nake son sayar wa.