Wai Jidda ta fi Dubai

Ɗan Fagge: Jama'a, raina a ɓace yake. Na gama umra na tsaya Jidda kwana uku, na shiga filin wasa na Sarki Abdullahi na kalli Al-Ittihad, shi ne 'yan gidanmu ke ta cewa na zubar da lada. Ni kuwa na faɗa na ƙara, yau Dubai ba ta da abin da za ta nuna wa Jidda. Tun 2021 ake tseren motoci na Formula 1 a bakin tekunta. Can ɗan dambe Anthony Joshua ya sake karawa da Usyk a 2022. Ga tsohuwar unguwar Al-Balad da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Duk wannan a ƙasa mai tsarki!

Malam Na Zaure: Dakata Alhaji. Wace ƙasa mai tsarki? Jidda ba harami ba ce. Wanda ba Musulmi ba yana shiga ya kwana abinsa, sai a hanyar Makka ne allo zai ce masa ya ratse.

Hajiya 'Yar Kano-Jidda: Haba Malam, garin da ake cewa can kabarin Nana Hauwa'u yake? Ai shi ya sa ma ake kiransa Jidda, wato kaka. Shekara nawa ina sauka garin nan.

Malam Na Zaure: Sauka saro kaya a kasuwar Bab Makka daban, ilimi daban, Hajiya. Kawo hadisi.

Hajiya 'Yar Kano-Jidda: Abayar da ke jikin uwargidanka wa ya saro ta?

Baban Ummi: In babu tsarki, me ya sa alhazanmu da yawa ke ɗaura harami a filin jirgin Jidda?

Malam Na Zaure: Wannan ma ai da magana. Jidda ba ta cikin miƙatai biyar. Wanda ya taso daga nan, tun a jirgi ya kamata ya yi niyya.

Baban Ummi: Akwai malaman da suka halatta. Ko duk kun fi su sani? Ku dama komai bidi'a ne.

Malam Na Zaure: Su wa ne "ku"? Fito fili, ɗan'uwa.

Na Madrid: Ni dai garin da muka ɗaga Super Cup a 2020, Atletico ta kori Barcelona tun a wasan kusa da na ƙarshe, ba zan ji ana taɓa shi in yi shiru ba.

Ɗan Barca: Da bugun fenariti kuka sha da ƙyar, yaro. Kuma Benzema da kuke taƙama da shi, ba can ya je ritaya ba?

Ɗan Fagge: Don Allah maganar Dubai fa nake yi.

Baban Ummi: Malam bai ba ni amsa ba tukuna.

Na Madrid, mai kula da zaure: To a tsaya haka, dare ya yi. Abin da aka cimma: kowa ya yarda Jidda gari ne mai albarka, shaida kuwa kofin 2020. Malam bai kawo hujja gamsasshiya ba. Hajiya ta yi gaskiya. Ɗan Barca na cire shi na kwana biyu saboda rashin ladabi.

Malam Na Zaure: Ni aka ce in kawo hujja ko ni na nema?

Hajiya 'Yar Kano-Jidda: Masu son abaya da turare su yi min magana ta gefe, sabbin kaya sun iso.