Neman shawara: kwana uku a kwalekwale a tafkin Lagdo, arewacin Kamaru

Mai tambaya, daga Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu ne muke son mu yi hayar kwalekwale mai inji mai ƙarfin doki 15 daga Lagdo, mu yi kwana uku a ruwa, muna kamun kifi da ƙugiya, mu ga dorina da tsuntsaye, mu kwana a tsibirai. Wane wata ya fi? Mai nawa za mu ɗauka? Kuma ina ake ɗaure jirgi da dare?

Matuƙin jirgi, Lagdo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ku zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Daga Yuli zuwa Satumba an rufe kamun kifi don kifi ya hayayyafa, kuma guguwar damina tana kifar da jirgi. Ku tashi da zarar gari ya waye, ku kama tudu kafin iskar hantsi ta tayar da igiyar ruwa. Ranar da hazo ya rufe gaɓa, ku zauna.

Abu mafi girma: kada ku karɓi jirgi babu matuƙin da ya san tafkin. Da aka kammala dam ɗin Lagdo a 1982, ruwan Binuwai ya haɗiye daji da itatuwansa, kututture na nan a ƙarƙashi, baƙo ba ya ganinsa sai ya huda masa jirgi. Ku gaida sarkin ruwa na mashigar, ku sanar da jandarma ranar fita da ta dawowa, ku nemi takardar izini wajen jami'an kiwo da kamun kifi. Kada ku kusanci bakin dam.

Makaniken inji: Doki 15 mai gauraya mai yana shan kusan lita 6 zuwa 7 a awa idan an buɗe masa wuta duka, wajen lita 4 a tafiya matsakaiciya. Awa uku a rana, kwana uku, lita 36 ke nan. Ku ɗauki 55, don kashi ɗaya cikin uku ajiya ne, ba a taɓa shi. Gaurayen yawanci 50 da 1 ne, wato rabin lita na man gauraye a fetur lita 25, amma ku tambayi mai injin abin da ya saba zubawa. Fetur ɗin kwalba ku tace shi, ruwa da dauɗa su ke toshe kafireta.

Ku riƙe fulogi biyu da sifanarsu, igiyar tayar da inji, farfela da fil ɗinta, filafili biyu, gora mai tsawo, da abin kwalfe ruwa. Duk tashi ku duba ɗan ruwan da inji ke fitarwa ta baya. In ya tsaya, a kashe nan take, sanyaya ta daina aiki. In zaren taru ya naɗe farfela, a ciro ta a kwance shi duka, domin shi ke cin robar giya har ruwa ya shiga mai.

Tsohon masunci: Ɗana, maganar dorina nake so ka ji da kyau, ta fi duk sauran. Da rana tana kwance a ruwa marar zurfi kusa da gaɓa, tana iya nutsewa har minti biyar, saboda haka wurin da ka ga shiru ba lallai babu ita ba. Ku tsaya nesa, mita 100 ko fiye, ku rage wuta, ku riƙa buga gefen jirgi don ta san inda kuke. Kada ku shiga tsakaninta da zurfi, can take gudu idan ta firgita, kuma jirginku ne a kan hanyarta. Mai ɗa ba a kusantarta ko kaɗan. Buɗe baki da kuke gani gargaɗi ne.

Da dare take fita kiwo, kuma hanya ɗaya take bi. Kafin ku ɗaure jirgi, ku duba gaɓa: in kun ga faffaɗar hanya a ciyawa da kashi a watse, ku canza wuri. Ku zaɓi gaɓa mai dutse, a gefen da tsibiri ya tare iska. Igiyar anga ta kai ninki biyar na zurfin ruwan, in ta gaza haka anga ba ta kamawa, jirgi ya ja ta cikin dare. Ku kwana can sama, ba a bakin ruwa ba.

Matuƙin jirgi: Baba ya faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya saboda kadoji: kada a gyara kifi a inda za a kwana, kuma ba a wanka a gaɓa da magariba.

Mai sana'ar kifi: Karfasa tana cin tana a bakin ciyawa da ƙaramar ƙugiya. Giwan ruwa kuwa sai ƙaramin kifi mai rai, kusa da duwatsu, da asuba ko yamma. Tsage yana yanke zare da haƙori, sai an sa waya kafin ƙugiya. Ƙurungu a kama shi da hankali saboda ƙayarsa. Ƙanƙara ba za ta kai kwana uku ba, ku ɗauki gishiri ko ku yi banda. Zalɓe da dinya kuma da sassafe aka fi ganinsu, inji a kashe.

Ma'aikaciyar jinya: Yayana, rigar ruwa ɗaya ga kowane mutum, a jiki, ba a ƙarƙashin benci ba. Ruwan sha lita 4 zuwa 5 kowa a rana, ku taho da shi daga gida. Shiga ruwan gaɓa yana sa tsargiya, kuma fitsarin jini ba ya bayyana sai bayan makonni. Gidan sauro dole ne. Wanda zazzaɓi ya kama, a juyo da shi a ranar.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Za mu tsayar da Disamba, mu nemi matuƙi tun yanzu.