Neman kalma: me za mu kira "pupa" da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina rubuta bayani a kan wani dangin ƙwari da masana ke kira Staphylinidae, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Rayuwar waɗannan ƙwari hawa huɗu ce. Ƙwai muna da shi, tsutsa muna da ita, babban ƙwaro ma ba ya buƙatar sabon suna. Hawa na uku ne matsalar, wato lokacin da tsutsa ta daina ci, ta kwanta, jikinta ya shiga sake ƙira kafin ta fito da siffar babba. Shi masana ke kira pupa. Kuma ba a nan abin ya tsaya ba, domin sun raba shi zuwa exarate da obtect, kuma a wannan dangin ana samun duka biyun. Kalmomi uku ke nan nake nema. A taimaka.

Ɗalibi: Wa alaikumus salam. Me zai hana mu ce "fufa" kawai? Haka muka yi da kwamfuta da injin, kuma ba wanda ya mutu.

Mai fassara: Aro ba laifi ba ne, ƙanena, amma ana yin sa ne idan abin da sunansa sun zo tare daga waje. Kwamfuta baƙuwa ce, ta zo da sunanta. Wannan halitta kuwa tana ƙarƙashin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye tun kafin a yi boko. Wanda ya ji "fufa" bai ƙaru da komai ba sai an sake yi masa bayani. A bar aro ya zama na ƙarshe, idan an nema an rasa.

Malamin ilimin ƙwari: Kafin a raɗa suna, bari a ga jaririn tukuna.

Dangin Staphylinidae na daga cikin manyan dangogin halittu a duniya, nau'o'in da aka bayyana sun haura 60,000, an kasa su ƙananan dangogi sama da 30. Alamar da aka fi gane su da ita ita ce murfin fiffikensu gajere ne, bai rufe ciki ba, shi ya sa bayansu ke lanƙwasa yadda suke so, wasu har su ɗaga shi sama idan an tsokane su, kamar kunama, alhali ba su da ƙari. Fiffiken tashi yana nan da tsawonsa, a naɗe ƙarƙashin murfin. Idan mai tambaya na neman sunan dangin ma, ni "ƙwaron guntun-murfi" nake cewa a aji, kuma yara suna ganewa.

Tsutsarsu takan yi saɓa sau biyu tana girma, wato matakan girma uku cikin hawan tsutsa a yawancinsu, wasu kuma biyu kamar jinsin Paederus. Idan ta ƙoshi sai ta haƙa ɗan ɗaki a cikin ƙasa ko cikin abin da take rayuwa a kai, ta yi saɓar ƙarshe. Abin da ya fito daga wannan saɓa shi ne abin da muke nema wa suna. Ba ya ci, ba ya tafiya. Amma idan ka duba da madubin ƙara girma za ka ga ƙafafu shida, da gashin ji na kai, da fiffike, duk an zana su, a naɗe a jikin ƙirji. A ciki kuwa aiki ake yi ba dare ba rana: ana rushe naman tsutsa ana gina na babba.

Ita kanta kalmar pupa daga Latin take, ma'anarta 'yar tsana ko ƙaramar yarinya, kuma Liniyas, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, shi ya kafa ta a wannan ma'ana a ƙarni na 18.

Ɗalibi: To ai shi ke nan, Malam. Mu ce "'yar tsanar ƙwaro".

Mai fassara: A'a. Wannan bin asalin kalma ne ido rufe. Masu amfani da kalmar a yau ba sa tuna 'yar tsana idan sun faɗe ta, ma'anar ta mutu a bakinsu. A Hausa kuwa 'yar tsana da ranta, duk wanda ya ji abin wasan yara zai tuna, kuma zai ɗauka abin ba shi da rai.

Malamar firamare: Ni da yara nake aiki, don haka kalmar da za ta zauna a bakin ɗan shekara 9 nake so. Na taɓa jin ana cewa "ƙunshi" ko "gidan tsutsa". Yaya kuka gani?

Malamin ilimin ƙwari: Malama, waɗannan biyun su ne na fi tsoro, domin suna haɗa mai gida da gidansa. Akwai abu uku da mutane ke cakuɗawa. Na ɗaya, halittar kanta. Na biyu, saƙar da wasu tsutsotsi ke yi su lulluɓe kansu kafin su kwanta. A cikin dangin da ake magana, tsutsar jinsin Stenus tana yin irin wannan saƙa, haka ma da yawa daga ƙaramin dangin Aleocharinae, wasu har da haɗa ƙwayoyin ƙasa a jikinta. Amma da yawa ba sa saƙa komai, a tsirara suke kwance cikin ɗakin ƙasa. Idan muka ce "ƙunshi", me za mu kira wanda ba a ƙunshe yake ba? Na uku shi ne irin na ƙuda, inda fatar tsutsa ta ƙarshe ba ta yayewa, sai ta bushe ta yi tauri ta zama kwanso, halittar tana ciki. Saƙa daban, kwanso daban, mai kwanciya a ciki daban. Kowanne na son sunansa.

Mai fassara: To ga tawa. Hausa na da ƙirar suna mai ƙarewa da "-au" ga wanda wani hali ya kama, kamar mantau. Mu ce "rikiɗau", tunda aikinsa ke nan, rikiɗa.

Malamar firamare: Tana da daɗin faɗa, amma da na ji ta hawainiya ta faɗo mini a rai.

Malamin ilimin ƙwari: Ni kuma ina son a adana "rikiɗa" ga tafiyar gaba ɗaya, daga ƙwai zuwa babba. Muna buƙatarta don mu raba ƙwari masu cikakkiyar rikiɗa, irin su ƙuda da sauro da malam-buɗe-littafi da waɗannan namu, da masu rabin rikiɗa irin su fara da kyankyaso, waɗanda ɗansu ke fitowa daga ƙwai da kamannin uwa, ba ya bi ta wannan hawa na uku ko kaɗan. Ɗango ai fara ne ƙarami, fiffike kawai ya rage masa. Idan muka ba hawa ɗaya sunan "rikiɗau", jimla irin "rikiɗau hawa ne a cikin rikiɗa" za ta riƙa tuntuɓe da kanta.

Dattijo mai sha'awar harshe: Ina biye da ku tun ɗazu. Ku bar ni in jefa tawa, in ba ta yi ba ku mayar mini da abata. Malam ya ce abin yana kwance shiru kamar ba rai, alhali a ciki aiki ake yi. Bahaushe na da kalmar wannan hali tun tuni: likimo. Wanda ya yi likimo ba barci yake ba, ba kuma mutuwa ya yi ba, ya dai lafe ne, kuma kowa ya san zai tashi. Sai mu kira hawan da kansa "likimo", halittar kuma "ɗan-likimo", jam'i "'yan-likimo". Kun ga har aikatau mun samu kyauta: tsutsa ta shiga likimo, ƙwaro ya fito daga likimo.

Mai tambaya: Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan ta shige ni. Abin da ya fi burge ni shi ne ta raba lokacin da halittar, abin da sauran shawarwarin ba su yi ba.

Mai fassara: Ranka ya daɗe, ina da ja guda biyu, ba don raini ba. Likimo akwai niyya a cikinsa, akwai ɗan wayo, mutum ne ke yi don a ɗauka barci yake. Ƙwaro ba ya yaudarar kowa. Na biyu, na sauro fa? A cikin ruwa yake, kuma da an taɓa ruwan sai ya wuntsila ya nutse. Wannan ai ba likimo ba ne.

Dattijo mai sha'awar harshe: Ja mai kyau. Amma ɗana, malam-buɗe-littafi wane littafi ya taɓa buɗewa? Suna kama yake bi, ba ya bin niyya. Na sauro kuwa, a bar malamin ƙwari ya amsa.

Malamin ilimin ƙwari: Gaskiya ne na sauro yana motsi sosai, amma ko shi ba ya cin komai, numfashi kawai yake ta wasu ƙahonni biyu a saman ruwa. Shi ne bare a cikin taron. Mafi rinjaye a kwance suke, abin da suke iyawa bai wuce karkaɗa bayansu idan an taɓa su ba, kuma wannan ma ya dace da likimo: ka taɓa ka ga ashe da rai. Na karɓi ta Baba.

Yanzu ga rabe-raben, nan ne dangin guntun-murfi ke da abin faɗa. A yawancin ƙwari masu murfin fiffike, wato babban rukunin da wannan dangi ke ciki, ƙafafu da fiffike da gashin ji na ɗan-likimo a sake suke. Suna naɗe a jiki, amma da za ka sa tsinke mai laushi za ka iya ɗaga ƙafa ɗaya. Jikin fari ne ko ruwan madara, da taushi, sau da yawa da dogayen gasu a baya da gefe, waɗanda ake ganin suna ɗaga shi daga danshin ƙasa. Wannan shi ne exarate, kuma haka yawancin ƙananan dangogin Staphylinidae suke: Paederinae, Aleocharinae, Oxytelinae, Steninae da sauransu. Paederus da na ambata, wanda ruwan jikinsa ke ƙona fata idan an murƙushe shi a kanta, wanda a Gabashin Afirka ake kira ƙudan Nairobi ko da yake ba ƙuda ba ne, a nan yake.

Amma ƙaramin dangin Staphylininae ya fita daban. Su Philonthus da Quedius da Ocypus da Creophilus, a lokacin saɓar ƙarshe wani ruwa yana bushewa ya liƙe gaɓoɓin a jiki, fatar ta yi tauri, launin ya tashi daga rawaya zuwa ja-ja mai duhu. Kan yana sunkuye a kan ƙirji. Ana ganin zanen ƙafafu amma ba a iya ɗaga su. Wannan shi ne obtect, irin na yawancin malam-buɗe-littafi. A cikin masu murfin fiffike ba kasafai ake samunsa ba, shi ya sa ya zama alama mai ƙarfi: idan ka tono ɗan-likimon wannan dangi ka gan shi da tauri a liƙe, ka riga ka rage wurin nema ƙwarai. Daga nan masana kan ƙirga 'yan tsinkayen da ke gaban ƙirji da gefen ciki, su duba ƙofofin numfashi da ƙarshen jiki, inda ake iya gane mace da namiji tun kafin su fito.

Ɗalibi: Na duba, obtect asalinta "rufaffe". Sai mu ce rufaffe da buɗaɗɗe?

Malamar firamare: Mun koma gidan jiya ke nan. Yaro zai ɗauka rufaffe shi ne mai saƙa ko mai kwanso, buɗaɗɗe kuma wanda ba shi da su.

Malamin ilimin ƙwari: Daidai, Malama. Ga shi kuwa na Stenus gaɓoɓinsa a sake suke amma yana cikin saƙa, na Philonthus a liƙe suke amma ba saƙa. Rufi ba shi ne ma'auni ba, halin gaɓoɓi ne.

Mai fassara: To "sakakke" da "ɗaurarre".

Dattijo mai sha'awar harshe: Sakakke ta yi. Ɗaurarre kuwa sai an tambayi igiyar. Malam cewa ya yi ruwa ne ya bushe ya liƙe. Wannan manni ne. "Mannanne".

Mai fassara: Na sallama. Ɗan-likimo sakakke, ɗan-likimo mannanne. A jam'i, sakakku da mannannu.

Mai tambaya: Saura abu ɗaya da na gani a littattafai, coarctate, ana jera shi a matsayin na uku. Da kuma wani rabo na decticous da adecticous.

Malamin ilimin ƙwari: Na farkon shi ne na ƙuda da na faɗa. Ka fasa kwanson za ka tarar da sakakke a ciki, don haka ba ya buƙatar sabuwar kalma: "ɗan-likimo mai kwanso" ya isa. Na biyun rabon Hinton ne, masani a Ingila, a 1946. Ya duba ko ɗan-likimo na da muƙamuƙi mai motsi da zai yanka hanyar fita, ko kuwa muƙamuƙin ba ya aiki sai bayan ya zama babba. Sai a ce "mai muƙamuƙi mai aiki" da "mai muƙamuƙi marar aiki". Kada ka wahalar da masu karatunka da shi, domin duk masu murfin fiffike a kashi na biyu suke, jimla ɗaya ta ishe ka.

Mai fassara: Kalma ba ta zauna ba sai an sa ta aiki mai wuya. Malam, ba mu jimlar da ta fi kowace cakuɗewa a wannan fanni mu gani ko za ta ɗauka.

Malamin ilimin ƙwari: Ga ta, daga rayuwar jinsin Aleochara, wanda manoman kabeji a Turai ke amfana da shi wajen rage ƙudan da ke cin saiwa: "Tsutsar Aleochara takan huda kwanson ƙuda ta shiga, ta cinye ɗan-likimon da ke ciki, sannan a wasu nau'o'in ta yi nata likimon a cikin kwanson, a wasu kuma ta fito ta yi shi a ƙasa." A gwada sa "ƙunshi" ko "gidan tsutsa" a wannan jimla a ga inda za a kwana.

Malamar firamare: Ta ɗauka. Tambayata ɗaya: tsutsa mace ce a nahawu, ɗan-likimo namiji. Ba zai rikita yara ba a ce "ta zama ɗan-likimo"?

Dattijo mai sha'awar harshe: Ƙwai namiji ne ya zama tsutsa, tsutsa mace ta zama ƙwaro namiji, ba wanda ya taɓa kai ƙara. A bar "ɗan-likimo" ga kowa, sai in an duba ƙarshen jikin an tabbatar mace ce, sannan a ce "'yar-likimo".

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan rubuta da likimo, ɗan-likimo, sakakke, mannanne da mai kwanso, saƙar kuma in kira ta saƙar tsutsa. A farkon ambato zan sa sunan masana kusa da na Hausa don mai son bincike ya samu hanya.

Mai fassara: Ni dai har yanzu ina ganin "rikiɗau" ta fi daɗi a baki. Ku rubuta cewa ban janye ta ba, ajiye ta na yi.